Abin da kintinkirin gasar barguna yake shaidawa

A ƙarshen watan Yuli ko farkon Agusta, lokacin da mu nan muke tsakiyar damina su kuma Turawa suke more bazararsu, ana cika manyan zaurukan baje koli na NEC da ke Birmingham a Ingila da barguna ɗaruruwa, an rataye su layi-layi kamar zane-zane. Wannan shi ne Festival of Quilts, wanda aka fara a 2003, kuma babu taron masu ɗinka bargon haɗi da ya kai shi girma a Turai. Kwana huɗu ake yi. Akwai rumfunan masu sayar da yadi da zare da kekunan ɗinki, akwai azuzuwan koyon sana'a, amma inda ƙafa ta fi yawa shi ne ɓangaren da aka ware wa bargunan da suka ci gasa. Nan ne za ka ga mutane sun tsaya cirko-cirko, wata ta ja da baya tana ƙanƙance ido, wata ta kai fuskarta dab da yadin har numfashinta na taɓa shi.

Wanda bai san kan abin ba, tambaya ɗaya ce ke fara zo masa: me ya sa wannan ya ci, wancan na gefensa, wanda ya fi ɗaukar ido, bai samu komai ba? Tambayar tana da amsa, kuma sanin amsar yana ƙara wa kallon daɗi ƙwarai.

Bargon haɗi hawa uku ne. Akwai fuska, wadda galibi daga ƙyallaye ake haɗa ta. Akwai abin da ake shimfiɗawa a tsakiya, auduga ko ulu ko zaren roba. Sai shafi a baya. Abin da ke mayar da su abu ɗaya shi ne ɗinkin da ke ratsa hawa ukun gaba ɗaya. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa: lifidin da ake sa wa doki da mahayinsa haka ake yin sa, yadi biyu da audugar rimi a tsakani, a bi da ɗinki don kada audugar ta tattare wuri guda. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi, kuma har yau 'yan lifidi suna fita a hawan Sallah. A daidai wancan zamanin ne aka ɗinka wani bargo a tsibirin Sisili da ke ɗauke da labarin jarumi Tristan, wanda wani sashensa yake gidan tarihi na V&A a Landan, wani kuma a gidan tarihi na Bargello da ke Florence. Nasu ya bi hanyar gado da bango, namu ya bi hanyar fagen fama.

To, aikin kashi biyu ne, kuma kowanne da nasa gwanaye. Haɗa fuska daban, ɗinkin ratsawa daban. A riƙe wannan, domin rigingimun da za mu gani a gaba a kan kyaututtukan nan sun shafi wannan rabuwar.

Alƙalin gasa daga nesa yake farawa. Abin da yake nema a nan shi ne ko bargon yana da abin da yake faɗa wa ido, da yadda aka raba haske da duhu. Masu sana'ar suna cewa launi ake yabo amma haske da duhu ne ke yin aikin. Ja da kore na iya zama launuka biyu mabambanta, amma idan duhunsu ɗaya ne, daga taku goma sai su narke cikin juna, tauraron da aka sha wahalar haɗawa ya ɓace. Shi ya sa da yawa daga cikinsu suke ɗaukar hoton ƙyallayen da waya su mayar da shi baƙi da fari kafin su sa almakashi. Daga nesan ne kuma ake ganin ko bargon ya sauka sambal. Wanda aka ja yadinsa wajen ɗinki, ko aka cika ɗinkin ratsawa a tsakiya aka yi sakaci da gefe, zai riƙa kumbura ko gindinsa ya yi lanƙwasa kamar igiyar ruwa. A kan gado ba wanda zai lura. A bango kuwa ba ya ɓoyuwa.

Daga nan sai a matso, kuma a nan ne ake rabuwa. Ɗauki tauraro mai tsini takwas. Ƙyalle takwas ne masu siffar lu'ulu'u, dukkansu dole bakinsu ya haɗu a ɗigo ɗaya a tsakiya. A bayan wannan ɗigon akwai kalmasa takwas da suka taru, kowace da kaurinta, kuma dole a kwantar da su da dutsen guga a juye kamar fanka, in ba haka ba tsakiyar ta yi ƙulli. Idan ka ga tauraron da tsakiyarsa ta kwanta lumui, tsinin nan takwas sun sumbaci juna ba wanda ya wuce ba wanda ya gaza, kana kallon hannun da ya daɗe yana warware ɗinki yana sakewa. Sannan ka duba tsinin da ke waje, inda tauraron ya taɓa ƙyallen da ke kewaye da shi. Sabon shiga yakan datse kan tsinin a cikin ɗinki, ya zama guntu. Gwana tana barinsa da kaifinsa.

Duk wannan ya rataya ne a kan wani ƙaramin ma'auni: rubu'in inci, wato kimanin milimita 6, shi ne faɗin da ake bari tsakanin layin ɗinki da bakin ƙyalle. Idan kowane haɗi ya kauce da milimita 1 kacal, layi mai haɗi 20 ya kauce da santimita 2 ke nan, kuma layin da ke ƙarƙashinsa ba lalle ya kauce daidai da shi ba. Bargon gasa yana iya ɗauke da ƙyallaye dubbai. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma idon alƙali ya saba gano inda lissafin ya fara zamewa.

Ɗinkin ratsawa in na hannu ne, ana duba takun allura. Taku 10 zuwa 12 a inci ɗaya ana ɗaukarsa aiki mai kyau sosai, sai dai daidaito ya fi ƙanƙanta muhimmanci: taku 8 masu tsawo ɗaya, a fuska da kuma a baya, sun fi 12 da wasu suka yi tsawo wasu suka yi gajarta. Kada a ga ƙullin zare a waje, a cikin audugar ake binne shi. Kada a ga sauran alli ko fensirin da aka zana hanya da shi. In na keke ne, ana duba ɗaurin zare, kada zaren ƙasa ya leƙo sama ɗigo-ɗigo, kada na sama ya yi gashin ido a baya wajen kwana. A Birtaniya wannan ɓangaren yana da daraja ta musamman saboda al'adar Wales da arewa maso gabashin Ingila, yankin Durham, inda matan masu haƙar kwal suke ɗinka bargo da yadi ɗaya tilo, babu haɗin ƙyalle ko ɗaya, duk adon a cikin takun allura yake, gashin tsuntsu da igiya da ganye, ba a ganinsu sai haske ya bugo daga gefe. Amy Emms, wadda ta fito daga wannan al'adar, an ba ta lambar girmamawa ta MBE a 1984 saboda wannan ɗinkin.

Sai baki. Wannan siririn yadin da ake naɗe gefen bargo da shi, shi ne abin da 'yan kallo ba sa dubawa, alƙalai kuma ba sa tsallakewa. Suna matsa shi da yatsa su ji ko audugar ta cika shi har ƙarshe ko holoƙo ne. Suna duba kusurwa huɗun, ko an naɗe kowace a karkace daidai, an kuma ɗinke bakin naɗin. Sau da yawa barguna biyu suna zuwa kunnen doki a komai, kusurwa ɗaya ta raba gardama. Ni wannan yana burge ni, domin baki shi ne aikin ƙarshe, lokacin da mutum ya gaji, ranar miƙa aiki ta matso, zuciya tana cewa ai ya isa haka.

Ba a taɓa barguna a wurin nuni, saboda maiƙon hannun dubban mutane yana ɓata yadi. Amma a irin waɗannan taruka akwai masu aikin sa kai sanye da farin safar hannu. Ka roƙi ɗaya ta ɗaga maka kusurwa. Za ta kama gefen da yatsa biyu ta juyo shi a hankali, sai ga shafin baya, galibi yadi ɗaya ne ba ado, kuma a kansa duk tafiyar allurar ta fito fili ba launin da zai rufa mata asiri: inda aka tsaya, inda aka sake farawa, inda hannu ya yi rawa a kwana. Bargon da ya ci babbar kyauta, bayansa kaɗai ya isa a rataye.

Game da tsarin hukunci, a taƙaice: ba a gwada kowa da kowa. Ana raba barguna aji-aji, na gargajiya, na zamani, na zane, masu hoto, na ƙungiya, na sabbin shiga, na yara, kowanne da 'yan uwansa yake karawa, sannan daga cikin zakarun ajujuwan a fitar da gwarzon taro. Ana rufe sunan mai aikin lokacin hukunci. A Amurka shuɗin kintinkiri na ta ɗaya ne, ja na ta biyu, fari na ta uku. Akwai ma ajin ƙananan barguna da ba su kai kamu ɗaya ba, waɗanda sharaɗinsu shi ne idan aka ɗauki hotonsu a kasa gane cewa ƙanana ne. A 2017 irin wannan ƙaramin ne, aikin Philippa Naylor, ya zama gwarzon taron Birmingham gaba ɗaya, ya bar manya masu rufe gadon mutum biyu a baya.

Duk abin da na lissafa gaskiya ne kuma ya cancanci yabo. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Amma ma'aunin yana da iyaka, kuma mai kallo ya kamata ya san inda iyakar take.

A jihar Alabama akwai wani ƙauye da kogi ya kusan zagaye shi, Gee's Bend, mazaunansa jikokin bayin da aka yi noman auduga da su a wurin. Matan ƙauyen sun yi shekaru aru-aru suna ɗinka barguna daga tsofaffin wandunan aiki da buhunan abinci, domin gidajen katako ne kuma sanyi yana shiga. Layukansu ba su miƙe ba, kusurwoyinsu ba su haɗu ba, takun allurarsu manya ne. A takardar alƙali, yawancinsu ba za su wuce zagayen farko ba. A 2002 aka baje su a gidan zane-zane na Houston, daga nan aka kai su gidan zane-zane na Whitney a New York, masana zane suka tsaya baki buɗe, a 2006 kuma hukumar gidan waya ta Amurka ta fitar da kan sarki goma ɗauke da hotunansu. Akwai na Annie Mae Young na 1976, wanda ta kewaye tsakiyarsa mai ja da ruwan ƙasa da shuɗin yadin wandunan aiki, har kana iya ganin inda gwiwa ta koɗar da launin da inda aka cire aljihu ya bar duhu. Babu layi a takardar hukunci da aka tanada wa irin wannan.

Kafin su akwai Harriet Powers, wadda aka haifa cikin bauta a jihar Georgia a 1837. A 1886 ta kai bargonta mai ɗauke da labaran Littafi Mai Tsarki wurin baje kolin auduga na garin Athens. Wata malamar zane, Jennie Smith, ta gan shi ta nemi saya, Powers ta ƙi. Bayan wasu shekaru talauci ya matsa, ta kawo shi da kanta tana neman dala 10, aka ba ta 5. Yau yana gidan tarihi na Smithsonian a Washington, ɗayan bargonta kuma, mai gida 15, wanda ta sa ruwan taurarin da aka yi a 1833 a ciki, yana Boston. Shi ya sa nake ganin darajar taro irin na garin Sisters a jihar Oregon, wanda Jean Wells ta fara a 1975 da barguna 12 a gaban shagonta. Yanzu duk Asabar ta biyu a watan Yuli ana rataye fiye da 1,000 a bangayen garin, 'yan kwana-kwana su hau tsani su taimaka, kallo kyauta, da yamma a sauke. A can bargon kaka da na jikarta suna iya rataye bango ɗaya.

Rigimar farko da ta girgiza gasar zamani a kan keke ce. A 1989, a babbar gasar ƙungiyar American Quilter's Society da ake yi a Paducah ta jihar Kentucky, bargon Caryl Bryer Fallert mai suna Corona II, wanda ke nuna husufin rana da yadin da ta rina da kanta, ya zama gwarzo. Shi ne na farko da aka yi wa ɗinkin ratsawa da keke da ya kai wannan matsayi a can, kuma masu ɗinkin hannu da yawa sun ji haushi, suna ganin an yi musu yankan baya. Ina fahimtar zafin. Mace ta shekara tana huda yatsa, sai a ɗora na keke a kanta. Amma wanda ya taɓa ganin yadda ake wannan aiki ya san ba keken ke zane ba. Ana sauke haƙoran da ke jan yadi, sai ya zama hannu biyu ne ke tuƙa bargo mai nauyi a ƙarƙashin allura mai gudu, kuma tsawon kowane taku ya dogara ga yadda saurin hannu ya dace da saurin ƙafa. Gwaninta ce ta daban, ba ragwanci ba ne. Mafitar da aka samu ita ce ta hankali, aka ware wa hannu kyautarsa, aka ware wa keke tasa. Bargon Fallert yanzu yana gidan tarihin barguna na Paducah da aka buɗe a 1991.

Rigima ta biyu ta fi tsufa, ta fi ciwo, kuma ita ce ta fi damuna. A 1933, a tsakiyar matsin tattalin arziƙin da ya durƙusar da Amurka, kamfanin Sears ya shirya gasar barguna don bikin baje kolin duniya na Shikago. Kyaututtukan sun kai dala 7,500, babbar kuma dala 1,000, kuɗin da a lokacin iyalai da yawa ba sa gani a shekara. Barguna kusan 25,000 aka shigar. Wadda ta ci ita ce Margaret Rogers Caden ta garin Lexington a Kentucky, da wani koren bargo mai taurari, aka kuma miƙa shi kyauta ga matar shugaban ƙasa, Eleanor Roosevelt. Dokar gasar ta ce dole aikin ya zama na wadda ta shigar da shi. Caden kuwa mai shagon kayan ɗinki ce, kuma mata huɗu ta biya suka yi aikin: Ida Rhorer ta haɗa fuska, Mattie Black ta yi cushen da ya sa ganyayen suka taso, Allie Price da Ruth Stewart suka yi ɗinkin ratsawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sun san abin da ya faru, suka yi shiru, domin daga shagon abincinsu yake fitowa. Sai bayan shekaru kusan 60 masu binciken tarihi Merikay Waldvogel da Barbara Brackman suka fito da labarin dalla-dalla. Shi kansa bargon ya ɓata, ba a san inda ya shiga ba bayan ya bar hannun fadar shugaban ƙasa.

Abin lura shi ne alƙalan 1933 ba su yi kuskure a kan bargon ba. Aikin ya kai. Sunan da ke kan takardar ne ƙarya. Kintinkiri shaida ce cewa wani hannu ya ƙware, kuma idan aka liƙa shi ga sunan da ba na wannan hannun ba, shaidar zur ce komai kyan bargon.

Wannan matsala ba ta mutu ba, kama ta sauya. Yau akwai babban keke mai dogon hannu, wanda ake ɗaure hawa ukun a kan firam mai tsawon ɗaki, mai ɗinki ta riƙe kan keken tana zagayawa da shi a kan yadi. Yana da tsada kuma yana cin wuri, don haka mata da yawa suna haɗa fuska a gida su aika wa mai irin wannan keke ta ƙarasa, su biya ta. Babu laifi a ciki, sana'a ce. Amma a bargunan gasa na yanzu, sau da yawa ɗinkin ratsawa ne ke ɗaukar rabin kyan, wani lokaci fiye. Shi ya sa manyan gasa suke neman a rubuta sunan wadda ta yi shi, Birmingham kuma tana da aji na musamman don bargunan mutum biyu. Idan ka tsaya gaban wanda ya ci, karanta katin da ke gefensa har ƙasa. Suna na biyu, wanda yake zuwa bayan kalmar da ke nuna wadda ta yi ɗinkin ratsawa, mai yiwuwa ita ce ta yi abin da ya tsayar da kai.

Inda har yanzu ake ja shi ne kekunan da kwamfuta ke tuƙawa. Ana sayen zane a intanet, a loda shi, a daidaita shi da girman gidan da ake so, keken ya bi shi da kansa, takunsa daidai kamar an auna da ma'auni. Daidaita zane ya zauna cif a cikin tauraron da ɗan Adam ya haɗa, wanda ba ya rasa 'yar karkata, yana buƙatar sani, ban musa ba. Amma ba abu ɗaya ba ne da hannu ya zana gashin tsuntsu kai tsaye a kan yadi, inda kuskure ɗaya ke nufin awa guda ana tsintar zare. Wasu gasa sun raba su aji-aji, wasu suna tambaya a takardar shiga kawai. A ganina raba su ne daidai, kamar yadda aka raba hannu da keke bayan 1989, kuma idan zanen saye aka yi, sunan wadda ta zana shi ma ya hau katin, ya zama suna na uku.